Koyon ƙunshi, mako na 4: daga ganye zuwa tafin hannu

'Yan uwa masu koyo, barkanmu da ƙoƙari. Makonni uku da suka wuce an yi su ne a kan zane a takarda. Wannan makon an koma kan kwaɓi, don a nan ne yawancin ƙunshi ke lalacewa tun kafin ya taɓa fata.

A fara da ganyen lalle. Wanda aka tsinko daga saman reshe a lokacin zafi ya fi kamu. A shanya shi a inuwa, ba a rana ba, har ya riƙa karyewa idan an murza. A daka, a tankaɗe sau biyu da rariya mai laushi, na uku kuma da tsumma mai shara-shara. Duk tsinken da ya tsira shi zai toshe bakin naɗaɗɗiyar ledar da ake matso lallen da ita a tsakiyar zane.

Ma'aunin da ya ba da kyau: garin lalle babban cokali 4, ruwan lemon tsami da aka tace cokali 4 zuwa 5, sukari ƙaramin cokali 1. A kwaɓa ya yi kaurin kunun da ya huce, a rufe da leda har ta taɓa saman kwaɓin, a ajiye wuri mai ɗumi. Da bazara awa 6 zuwa 8 ta isa. Da hunturu sai ya kwana. Ga gwajinsa: a ɗiga kaɗan a tafin hannu, a goge bayan minti 5. Idan ya bar tabo ruwan goro, ya tashi. Sukarin shi ke hana shi bushewa ya fashe ya zube da wuri, amma idan ya yi yawa sai layin ya malale, fure ya koma dunƙule.

Abin lura a nan, ganyen kore ne shar, kwaɓin ma kore mai duhu, babu alamar ja ko kaɗan. Jan yana ciki, sai tsami da lokaci suka fito da shi. Ba kuma a saman fata yake zama kamar fenti ba, shiga yake ya kama ta, shi ya sa tafin hannu da tafin ƙafa masu kaurin fata suka fi bayan hannu duhu. Haka iyayenmu mata ke duban amarya a kwanakin sa lalle: ranar farko kowa kyakkyawa ce, hali sai an kwana biyu.

A bar shi a jiki awa 4 zuwa 6, ko ya kwana. Kakanninmu zunguru, wato dogon duma, suke zura hannu a ciki don ɗumi da kariya. Yanzu leda ce da safa. Sai dai leda na tara gumi, gumi kuma na narkar da zane mai siririn layi, don haka ta fi dacewa da ƙunshin salatif, wanda ake manna salatif a fata kafin a shafa lallen. Idan za a cire, a kankare, kada a wanke. A shafa man kaɗanya, a nisanci sabulu har washegari. Kada ran kowa ya ɓaci da ganin launin farko ya yi haske. Cikin kwana biyu zai rine ya yi ja mai duhu, ya kai mako biyu kafin ya kode.

Masu tambayar a zuba dayis don ya yi baƙi nan take, wannan kyan ɗan maciji ne. Rinin gashi ne mai sinadarin PPD, yana iya tayar da ƙuraje masu ruwa a daidai sawun zanen, wani lokaci sai bayan kwanaki, tabon ya daɗe. Jarirai kuwa ko jan lallen kada a sa musu.

Mako mai zuwa kowa ta zo da leda uku da ta naɗe da kanta, bakin kowace kamar kan allura.