Ginin da ya karkace a Titin Touro

Da na iso gaban majami'ar Yahudawan Newport, wani ƙaramin gari a bakin teku a jihar Rhode Island ta Amurka, sai na ga ginin a karkace yake, bai bi layin titi ba. Na ɗauka magini ne ya yi kuskure. Ashe da gangan ne: an juya shi ya fuskanci gabas, wajen Ƙudus. Wanda ya taɓa neman alƙibla a baƙon wuri ba ya bukatar ƙarin bayani.

Yahudawan farko sun sauka garin wajen 1658, zuriyar waɗanda aka kora daga Sifaniya da Fotugal. Maƙabarta suka fara samu, a 1677. Wurin ibada kuwa sai 1763 aka buɗe shi, lokacin limaminsu Isaac Touro. A ciki na ƙirga ginshiƙai 12, ɗaya ga kowace ƙabila ta Bani Isra'ila. Arzikin teku ne ya gina shi, kuma ba duka ne mai tsabta ba: babban attajirinsu Aaron Lopez yana da hannu a cinikin bayi daga Afirka. Wannan ya tsaya mini a rai.

Masu ziyara sun fi ɗokin wasiƙar da George Washington, shugaban Amurka na farko, ya aiko wa jama'ar a 1790, inda ya tabbatar musu da 'yancin addini. Ni kuwa abin da ya biyo baya ne ya fi kama ni. Tun kafin wasiƙar, sojojin Ingila sun mamaye garin daga 1776 zuwa 1779, kasuwa ta mutu, mutane suka watse. Zuwa 1822 ba sauran mai ibada. Aka kwashe littattafan Attaura zuwa New York, aka rufe ƙofa.

Shekara wajen 60 ginin yana nan shiru, sai jefi-jefi a buɗe don jana'iza ko baƙin bazara. Bai rushe ba saboda 'ya'yan limamin, Abraham da Judah, sun bar wasiyyar kuɗi don kula da shi, alhali su kansu sun daɗe da barin garin.

A 1883 aka koma ibada. Masu shigowa yanzu daga Gabashin Turai suke, harshensu daban, al'adarsu daban, ba su haɗa kaka da waɗanda suka gina wurin ba. Suka tarar da fuskar ginin tana kallon inda suke nema.