Bashin gida da kuɗin ruwa

Makon jiya na raka ƙanena wani banki a nan Gombe, yana neman bashin sayen gida a Tumfure. Da ma'aikacin ya buga mana lissafi, sai da gumi ya karyo masa.

Naira miliyan 10 a shekara 20, in kuɗin ruwa kashi 25 ne cikin ɗari, za ka riƙa biyan kusan dubu 210 duk wata. Kuɗin nan dai, a kashi 6 na Asusun Gidaje na Ƙasa, wato NHF, kusan dubu 72 ne. Mafi ƙarancin albashi kuwa dubu 70. To jama'a, wane malamin firamare ne zai ɗauki na farkon?

Tushen abin Babban Bankin Najeriya ne. A ƙarshen 2023 ma'aunin ruwansa, wato adadin kuɗin ruwan da yake tsayarwa bankuna su yi la'akari da shi, yana kashi 18.75, kafin ƙarshen 2024 ya kai 27.5 don a dakile tsadar kaya. Shi ya ɗaga, bankuna su ɗaga. In ya sauke kuwa, saukowarsu sai a hankali. Ga wanda ruwan bashinsa ba tsayayye ba ne, kuɗin wata na iya ƙaruwa yana tsakiyar biya.

Abin da ya ba ni haushi, ana cire wa ma'aikata da yawa kashi 2.5 na albashi zuwa NHF, amma ba su taɓa neman bashin ba. Takardar mallakar fili kaɗai ta isa ta kashe maka gwiwa.

Baffanmu ya ce shi batun riba ma ya ishe shi hujja. Yanzu ƙanen nawa yana tambayar tsarin murabaha, inda banki ke sayen abu ya sayar maka da ƙarin kuɗin da kuka daidaita tun farko, a bankunan da ba sa karɓar ruwa.