Jabun kayan kabon na keke: abin da ido ba ya gani

Ƙarfe da alminiyam sukan lanƙwashe kafin su karye, mai keke ya ga alama ya tsaya. Kabon ba ya ba da wannan sanarwa. Yau lafiya lau, gobe a kan gangara ya ɓalle gida biyu.

Dalilin yana cikin yadda ake haɗa shi. Zaren kabon ne ake shimfiɗawa falle-falle, kowane falle da kusurwar da aka tsara masa, a jiƙa da gam na efoksi, a matse cikin mazubi a gasa. Ƙarfin kayan yana ga tsarin shimfiɗar da yadda aka matse. Mai yin jabu yana kwafar siffa da fenti da tambari, amma ba shi da wannan tsari. Sai ya rage falle a wurin da noti ke cizo, ko ya bar kumfar iska a tsakiya, ko ya cusa zaren gilas a ciki ya rufe da kabon falle ɗaya mai sheƙi. Rubutun T800 ko T1000 a jiki, sunayen zaren kamfanin Toray na Japan, ba shaida ba ne, kowa na iya buga shi.

A rarrabe abu biyu. Akwai masana'antun Sin masu sayar da kaya da arha da sunansu, suna gwaji bisa ISO 4210, ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta ingancin kekuna, kuma ana samunsu idan matsala ta taso. Waɗannan daban suke da wanda ya manna sunan manyan kamfanonin keke irin su Pinarello ko Specialized a kan abin da ba nasu ba. Wanda ya yi ƙarya a suna, me zai hana shi yi a ciki?

A ganina ma'aunin ɗaya ne: idan abin ya karye ana gudu, me zai faru? Mariƙin gorar ruwa ko zoben cike giɓi na ƙarƙashin wuyan kan keke, sayi mai arha, ba komai. Amma fok (ƙafafun da ke riƙe tayar gaba), kan keke, wuyan da ke riƙe kan, da sandar sirdi, kada a kuskura. Haka rim ɗin da birki ke kama gefensa: a doguwar gangara zafi yana tausasa gam mara inganci, gefen ya buɗe, taya ta fita.

Idan kayan sun riga sun zo hannu, a haska tocila cikin bututun a nemi tattara ko zare busasshe. A ƙwanƙwasa da kwabo a hankali. Inda sauti ya mutu, falle ya rabu. Wannan gwaji yana kama babban aibi ne kawai. Wajen ɗauri a yi amfani da sufana mai awo, yawanci Nm (ma'aunin ƙarfin ɗauri) 4 zuwa 6 a wuyan kan keke, a shafa man ɗaurin kabon mai tsakuwa-tsakuwa don kada ya zame. Cikin bututun fok na kabon kuwa ba a buga noti mai haƙora, toshi mai buɗewa ake sakawa. Duk ƙarar ƙas-ƙas da ta fito sabuwa, a sauka a duba kafin a ci gaba.