Daren da kuran ya yanke muna tsakar Gloriya

Jiya da marece muna repetisiyon na koral sai wata yarinya sabuwar shiga ta jawo hannuna, wai yaya don mi ba mu yin Halleluya kwanakin nan, ko mantawa munka yi? Dariya ta kama ni, amma gaskiya ni ma na daɗe a coci kafin in san dalili. Tun daga Larabar Toka har daren Ista Katolika ba su rera Halleluya ko sau guda, Gloriya ma, waƙar nan ta ɗaukaka Allah, ajiye ta ake ranakun Lahadi na azumin kwana 40, kiɗa kuma a rage shi, piyano sai dai ya riƙe ma murya hanya. Mu nan Maradi yawanci abin yana haɗuwa da shigowar zafi, ga zufa ga waƙoƙi masu kashe jiki, har kunne ma azumi yake.

Tambayar tata ce ta tuno mini wani daren Ista. Mun yi kusan wata biyu muna shirin Gloriya mai murya huɗu da Faransanci, muna ji da kanmu wallahi, mai piyano har da sabuwar riga. An hura wuta a waje, an kunna babban kyandir, an shiga coci cikin duhu, an yi ta karatun Tsohon Alkawari ɗaya bayan ɗaya. Fada, wato limamin coci, na ɗaga Gloriya, ƙararrawa da ta yi shiru tun daren Alhamis ta fara kaɗawa, sai kawai kuran, wutar lantarki, ya yanke. Piyano ɗif, makirfo ɗif. Mu 'yan koral munka tsaya kallon-kallo, don ba wanda ya riƙe muryarshi sai da na'ura.

Daga can baya wata tsohuwa, Inna muke ce mata, ta kifa ƙwarya ta fara bugu, ta ɗauko ta Hausa wadda kowa ya sani tun yana yaro. Kafin ka ce kwabo coci gaba ɗai ya amsa, mata na guɗa, 'yan Benin da Togo da Burkina da Ibo waɗanda Hausarsu ta kasuwa ce kawai su ma suna ciki. Ban taɓa jin ginin nan ya cika da murya haka ba, kuma kunya ta kama ni sosai, don shekara da shekaru ashe mu ke danne bakin jama'a da sifika.

Kar a ce ina ƙin Faransanci ko Latin, a'a. Dayosis ɗinmu, wato yankin da bishop ɗinmu ke kula da shi, da aka kafa a 2001, da Bishop Ambroise Ouédraogo a matsayin na farko, ya kama tun daga nan har Damagaram, Tawa, Agadas da Diffa, mutane iri-iri ne, dole wani lokaci a nemi harshen da zai haɗa kowa. Kyrie eleison ma, wato Ubangiji ka ji ƙanmu, ai Girkanci ne kuma ina son shi. Amma babban taron Vatikan na biyu, 1962 zuwa 1965, shi ya buɗe ƙofa a yi Misa da harshen mutane, kuma takardar da sunka fitar kan ibada a 1963 ta nace jama'a su shiga ciki da bakinsu, har ta ce a girmama kiɗan gargajiyar ƙasashe irin namu. To in koral ta zaɓi waƙar da sai mu goma sha biyu ke iyawa, sauran na fifita da takarda suna jira a gama, mi munka yi kenan? Konsa?

Bana dai na matsa sai da aka yarda waƙoƙin Misa biyu, Mai Tsarki da Ɗan Rago na Allah, da Hausa za a yi su, shugaban koral ya ɗan ɓata rai amma ya bari. Yarinyar kuma na ce mata ta yi haƙuri saura sati biyu, daren Asabar ɗin Fada zai ɗaga Halleluya sau uku, kowace ta fi ta baya tashi sama, mu amsa mishi. Na ce ta aro ƙwaryar mamanta ta taho da ita, ko da kuran ko babu.