Daren da na kusa shaƙe wa tsoho wuta a Imbe

Ni fa ba magini ba ne, karatu ne ya kai ni Okayama a ƙasar Japan, kuma da wani ya ce min wata rana zan kwana a tsaye ina cusa itace a bakin wuta saboda ɗan kofin shayi da dariya zan yi masa. Abin ya faro ne wata Asabar da zaman ɗaki ya ishe ni, na hau jirgin ƙasa na layin Ako, wajen minti 40 sai ga ni a Imbe, cikin yankin Bizen. Ƙaramin gari ne shiru kamar an yi shara, amma duk inda ka ɗaga kai sai ka hangi dogon bututun hayaƙi na jan bulo ya leƙo daga bayan gida, ga itace an faskara an ɗaure dami-dami an jera jikin katanga har ya fi ni tsawo. Bizen na cikin tsofaffin garuruwan ginin tukwane shida da Japanawa ke ji da su, sauran su ne Shigaraki da Tamba da Echizen da Seto da Tokoname, kuma abin da aka san Bizen da shi shi ne ba sa shafa wa tukunya komai, ba fenti ba ruwan ƙyalli, yumɓu ne tsurarsa sai abin da wuta da toka suka rubuta a jikinsa.

Ranar farko irin ajin 'yan yawon buɗe ido na shiga, awa ɗaya da 'yan kai, a ba ka curin yumɓu ka murza abin da ka iya, ka bar adireshi, bayan watanni idan an kunna tanderu a aiko maka ta gidan waya. Ba laifi, amma gaskiya wannan leƙa gidan kallo ne kawai. Abin da ya riƙe ni shi ne tsohon mai wurin, wanda kowa ke ce wa Sensei, wato malam, da ya ga ina ta leƙen tanderun da ke bayan gida sai ya ɗauko tocila ya ce in sunkuya in shiga. Noborigama suke ce masa, ɗakuna ne a jere suna hawa gangaren tudu, wuta ta tashi daga ƙasa ta bi ɗaki-ɗaki har ta fice ta bututu, bangon ciki kuwa ya yi santsi yana ƙyalli saboda tokar shekara da shekaru da ta narke a jikinsa. Da guntun Japanancina na tambaye shi ko zan iya dawowa in taya aiki, ya dube ni sama da ƙasa ya ce in zo da kayan da ba na so.

Na ɗauka kan faifan juyi za a ɗora ni, rokuro kenan, ashe kwaɓa ce. Asabar huɗu ina abu ɗaya, kikuneri, wato ka danna yumɓun da tafin hannu kana juya shi kaɗan-kaɗan har ninkin ya fito kamar ganyen fure, don iskar da ta maƙale a ciki ta fita. Nasa in ya gama kamar a ɗauki hoto, nawa kamar tuwon da ya kwana yaro ya yi wasa da shi. Suna da wata magana wai kwaɓa shekara uku, juyi shekara goma, da ya faɗa min na yi dariya shi bai yi ba. Kuma yumɓun ba abin wasa ba ne a wurinsu, hiyose sunansa, daga ƙarƙashin gonakin shinkafa ake haƙo shi, baƙi-baƙi mai danƙo da ƙarfe a ciki, a tsince tsakuwa a ajiye shi ya shekara da shekaru kafin a taɓa. Akwai wani tuli a lungu an rufe da leda, ya ce mahaifinsa ne ya haƙo, ko kusa da shi bai bari na je ba. Duk ɗan ɓarɓashin da ya faɗi ƙasa sai an tsince an mayar bokiti.

Da kyar dai na fitar da abu shida, kofuna huɗu da 'yar tasa da wani abu da na yi niyyar ya zama tulu ya ƙi. Aka jera su a katako suka yi makonni suna bushewa a inuwa, don shi tanderun sau ɗaya ko biyu ake kunna shi a shekara, sai an tara abin da zai cika shi.

Loda tanderun ne ya fara sauya min tunani. Ni da na ɗauka harkar duk sa'a ce, ka zuba kaya ka kunna wuta abin da Allah ya ba ka shi ke nan, to sai na ga tsohon nan ya kwashe kwanaki a durƙushe cikin ɗaki mai duhu, a miƙa masa kofi ɗaya ya riƙe yana jujjuya shi kusan minti biyar kafin ya ajiye, wani lokacin ya ajiye ya sake ɗaukewa. Ashe hanyar da harshen wuta zai bi yake karantawa. Wanda ke fuskantar wuta toka za ta sauka masa ta narke ta bar ɗigo-ɗigo ruwan ƙasa kamar an barbaɗa riɗi, shi ya sa ma suke ce masa goma, riɗi kenan da yarensu. Wanda ke ƙasa inda garwashi zai binne shi iska ba ta isa gare shi, sai ya fito toka-toka da shuɗi-shuɗi, sangiri. In aka ɗora ƙaramin abu a kan faranti wurin da ya rufe zai fito da'ira ja, botamochi. Wanda ya fi burge ni shi ne hidasuki, karan shinkafa ake bugawa ya yi laushi a naɗe tukunyar da shi a sa ta cikin wani mazubi da zai kare ta daga toka, karan ya ƙone amma gishirin da ke cikinsa ya haɗu da ƙarfen yumɓun ya bar jajayen layuka kamar an zana da lalle. Asali ma don kada tukwane su manne da juna ake sa karan, ado ya zo daga baya. Ni na naɗe kofina ɗaya, na cika masa kara kamar mai ɗaure kayan ƙaura, ya warware rabi bai ce komai ba.

Ranar kunna wuta aka ɗora gishiri da giyar shinkafarsu a ɗan katako saman bakin tanderun, suka tafa hannu suka sunkuya. Dama na riga na gaya masa ni Musulmi ne ba zan shiga wannan ba, ya ce daijobu, ba komai, na koma gefe wajen itace na yi bisimillata a zuci. Matarsa ma Allah ya saka mata, tun da ta ji ba na cin alade ta ware min tukunyar miya daban, ga curin shinkafa da kifi a ciki kullum dare.

Kwanakin farko wutar ba ta da wani abin kallo, 'yar ƙarama ce a bakin ƙofa kamar ta dafa shayi, saboda yumɓun Bizen ba ya son a zabure shi, in zafi ya hau da sauri fashewa yake. Nan na tuna matan da ke gasa tukwane a bayan garinmu, a tula randuna da tukwane a rufe da kara da ciyawa a cinna, kafin la'asar an kwashe. Nan kuwa kwana goma zuwa sati biyu wuta ba ta mutuwa dare da rana, ana karɓa-karɓa, har a kai sama da digiri 1,200. Itacen kuma akamatsu ne, wani jan icen daji mai ƙaro da yawa, harshensa dogo ne yana isa har ɗakunan sama.

Dare uku aka ba ni, na uku shi ne na abin kunya. Umarnin mai sauƙi ne, buɗe ƙofa, jefa guda biyar, rufe, jira sai harshen da ke fitowa ta ƙaramar kafar sama ya ja baya sannan ka sake. Wajen ƙarfe uku na dare Sensei ya zauna a kujera ya rufe fuska da tawul, yaron da muke aikin tare ya tafi ɗebo itace, ni kaɗai da mitar auna zafi, ita kuma mitar ta tsaya a 1,150 ta ƙi motsi kusan awa biyu, fuskata na ƙuna bayana na daskarewa da sanyi, sai zuciya ta ce min kai wannan wutar yunwa take ji. Na buɗe na antaya mata wajen goma sha biyar, ban jira ba na ƙara. Kai jama'a. Baƙin hayaƙi ya turnuƙe daga bututu, rurin da wutar ke yi ya koma wani gurnani ƙasa-ƙasa, ina kallo mita ta fara sauka, 1,140, 1,125, cikina ya ɗuri ruwa don kayan mutum na wata shida ne a ciki ba kofunana kaɗai ba. Tsohon bai ga hayaƙin ba fa, tawul na fuskarsa, sautin ne ya tashe shi. Ya miƙe bai kalle ni ba, ya ɗauki dogon ƙarfe ya tone garwashin da ya toshe kafar iska ta ƙasa, ya zare bulo ɗaya, ya tsaya ya saurara. Mun yi kusan minti ashirin ba a jefa ko tsinke ba. Sai da harshen ya washe ya koma fari-fari mita ta fara hawa da kanta, ta wuce inda ta maƙale ɗazu, sannan ya miƙo min itace uku, uku kacal, ya nuna ƙirjinsa ya ja numfashi ya sake. Ashe ɗanyen itacen da ka jefa sai ya fara shan zafi kafin ya bayar, kuma in ya yi yawa ya cinye iskar, wuta ta shaƙe. Da ya yi min faɗa da ya fi min sauƙi wallahi. Na yi sallar asuba a kan kwali bayan tulin itace ina jin kunya har cikin ƙashi, da na idar na tarar ya ajiye min shayi a kan bulo.

A wannan safiyar ne, don in kashe shirun, na zaro wata naira 20 da ke cikin walat ɗina na nuna masa Ladi Kwali a baya tana gina tukunya. Ya sa tabarau ya daɗe yana kallo, mamakinsa wai ƙasa ta sa magina a kuɗinta. Na ba shi labarin iya abin da na sani, cewa a 1954 ta shiga cibiyar koyon ginin tukwane da Bature Michael Cardew ya buɗe a tsohuwar Abuja, wadda yanzu ake kira Suleja, kuma shi ma da itace yake gashi. Da na ce Cardew almajirin wani magini Bature ne Bernard Leach sai ya ɗaga kai, don Leach a Japan ya koyi sana'ar, kuma tare da Hamada Shoji, magini ɗan Japan, suka tafi Ingila a 1920 suka gina irin wannan tanderu mai hawa tudu a St Ives. Ya ƙirga da yatsa, Hamada, Leach, Cardew, sannan ya ɗora yatsa kan hoton Ladi. Na bar masa kuɗin, yanzu haka yana manne a bangon shagon.

Daren ƙarshe ban samu zuwa ba saboda jarrabawa, an ce sun zuba gawayi ta kafofin gefe kan wasu tukwanen don ƙarin sangiri sannan suka liƙe ko'ina da laka. Sai kuma jira, sati guda cur tanderun na hucewa, ba mai taɓa bulo ɗaya.

Ranar buɗewa maƙwabta ma sun zo. Cikin shidana biyu sun tsage a gindi, tsaga mai lanƙwasa, ya juya ɗaya ya danna babban yatsa a tsakiya ya nuna min ban matse gindin da kyau ba tun a kan faifai. Tulun da ya ƙi zama tulu ya manne da na kusa da shi sai da aka sa guduma, na wani ne ya tsira nawa ya tafi. Kuma duk sun ƙanƙance, yumɓun nan yana shiga sosai a wuta, kofin da na gina don shan koko ya dawo na shan magani. Mai karan shinkafar ne ya fito da layuka uku ja a kan fari-fari, da na bar karan da na cusa da farko da duk ya dame. Muka wuni muna goge kaifin toka da dutse, a wanke, a cika da ruwa a ajiye kan jarida a ga ko yana yoyo. Nawa bai yi ba.

Da daddare na kira Hajiya ta bidiyo na ɗaga mata 'yar tasar mai ɗigon riɗi ina ta bayani, kwana goma sha, digiri kaza, icen kaza. Ta matso da fuska jikin waya ta ƙura ido ta ce, to ai wannan ƙonewa ta yi, ba su ba ka mai kyau ba? Na ce Hajiya ni na gina. Ta ce au, to Allah ya yi albarka, ka taho min da ita in riƙa zuba goro.