Ƙarƙashin matakala: banɗakin baƙi ko ɗakin wanki?

'Yan uwa masu koyon aikin famfo, ga inda aka kwana a aikin famfon wani gidan bene. Wurin da ake magana a kai shi ne sararin da ke ƙarƙashin matakalar bene, faɗinsa santimita 90, tsawonsa mita 2. Ba zai ɗauki banɗaki da injin wanki a tare ba, dole a zaɓi ɗaya. An zaɓi banɗaki.

Dalilin farko na zaman gida ne. Baƙo namiji da ya zauna a falo ba a shigar da shi cikin gida wajen iyali, kuma tsoho mai ciwon gwiwa ba ya hawa bene duk lokacin da zai kama ruwa ko zai yi alwala. Dalili na biyu shi ne na sana'armu, kuma shi ya fi nauyi. Masai yana buƙatar bututu mai inci 4 a binne a ƙasa, da gangara har zuwa cemba, wato ƙaramin rami mai murfi da bututun ƙazanta ke faɗawa kafin sokawe. In aka shimfiɗa tayil ba a sa shi ba, duk ranar da aka so shi sai an fasa daɓen. Injin wanki kuwa bututu mai inci ɗaya da rabi ya ishe shi, ana iya bi da shi jikin bango a rumfar bayan gida kowane lokaci. Shanya dama a rana ake yin ta.

An fara da awon gangara kafin a taɓa diga. Ƙa'idar ita ce bututu ya sauka santimita 2 da rabi a kowace mita. Daga nan zuwa cemba mita 6 ne, ke nan bakin da ke cemba ya kasance ƙasa da na ɗaki da santimita 15. In cembar ta yi sama har ba a samu wannan ba, sai dai a ɗaga daɓen banɗakin, kuma a ƙarƙashin matakala kowane santimita da aka ɗaga daɓen, sararin da ke saman kan mutum ne zai ragu. Gangarar da ta gaza, ƙazanta ta zauna ta toshe. Inda bututu zai karya kwana kuma, elbo, wato mahaɗi mai lanƙwasa, guda biyu masu digiri 45 sun fi guda ɗaya mai 90, domin sandar buɗe toshiya tana wucewa.

Ku sayi masan kafin ku kafa bakin bututu. Wanda yake zubarwa ƙasa yawanci yana son kimanin santimita 30 daga bango zuwa tsakiyar rami, amma kowane kamfani da awonsa. Kuma daga fuskar tayil ake aunawa. Wanda ya auna daga bulo ya manta da filasta da tayil, tankin masan ba zai zauna ba. Shi masan a ajiye shi ta gefen da rufin ya yi ƙasa, inda mutum zai tsaya kuwa tsayin ya kai mita 2, a bar santimita 60 a gabansa. A duba alƙibla tun yanzu, masu gida da yawa ba sa yarda a fuskance ta ko a ba ta baya, kuma bayan siminti ya kama babu gyara mai araha.

Daɓen ya sauka ƙasa da na falo da santimita 2, saboda ruwan buta. Magudanar ƙasa ta zama mai riƙe ruwa a wuyanta, ruwan nan shi ke tare warin sokawe. In ba a yawan shiga, zafi yana busar da shi, sai a riƙa zuba kofi guda lokaci-lokaci. Ƙofa ta buɗe ta waje. Babu taga a nan, don haka za a sa ƙaramar fanka mai zuƙe iskar ɗakin, bututunta ya huda bango ya fita.

Kafin a binne an toshe bakin cemba, an cika bututun da ruwa, an yi alama, an bar shi ya kwana. Ruwan bai sauka ba, gam ya kama ke nan. An rufe da yashi mai laushi tukuna, domin dutse yana fasa roba.

Saura layin injin wanki a bayan gida. Bututun zubarwarsa zai tsaya santimita 60 zuwa 90 daga ƙasa, kuma ruwan sabulunsa ramin daban zai shiga don kada ya cika na masai. Sai a auna tsayin tankin sama: injina da yawa ba sa jan ruwa sosai in tankin bai kai mita 5 sama da su ba.