Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Na'urar Baffa

Makon jiya na tsaya a inda aka sallamo Baffa daga asibiti a Garwa, an tabbatar masa da ciwon sukari. Shekarun da suka biyo baya duk sun cakuɗe mini, sai maganarsa guda da ta ƙi gushewa: "Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo." Da ita yake korar duk wanda ya nufo shi da na'urar gwaji. Alhali sukari kan kai 250 mutum na zaune yana kurɓar shayinsa, ko ciwon kai babu.

Rigimar farko ta lamba ce. Takardar asibiti ta ce 2,10 g/L, na'ura ta nuna 200 da ɗoriya, Kawu ya rantse ɗayansu maƙaryaci ne. Abu ɗaya suke faɗa, na takarda ake ninkawa sau 100. Wata na'urar da ɗan Goggo ya aiko daga baya da wani ma'aunin daban, mmol/L, take lissafi, ita sau 18 ake ninkawa a samu lambar ta farko. Abin da galibi ake nema wa mai ciwon a lissafin na'urar farko shi ne 80 zuwa 130 kafin cin abinci, ƙasa da 180 awa 2 bayan fara ci.

Gwajin ba wuya, garaje ke ɓata shi. A wanke hannu da sabulu, a goge ya bushe ƙarau, don ɗanƙon dabino ko mangwaro a yatsa kaɗai ya isa ya haura da lamba, damshi kuma ya tsinka jinin. A zaro tsinke ɗaya, wato 'yar siririyar takardar gwajin da ake sa wa na'ura, daga kwalbarsa, a rufe kwalbar nan take. A huda gefen yatsa, ba tsakiya ba, ya fi sauƙin zafi. Kada a matse da ƙarfi. In jini ya ƙi fitowa da sanyin hunturu, a murza hannun, a sake shi ƙasa. Bakin tsinken za a kai ga ɗigon, shi zai zuƙa da kansa. Sai a rubuta lamba, da lokaci, da abin da aka ci.

Goggo, Allah ya jiƙanta, a bakin taga take ajiye kwalbar. Tsinken ba ya son zafin da ya wuce digiri 30, ga watan Afrilun Garwa yana haura 40. Da lambobi suka fara hauka, ni aka ce na sayo jabu. Har yau ba wanda ya ba ni haƙuri. Haka ranar sunan gidan Kawu na tarar an jera baƙi ana huda su da allura ɗaya, kamar ba a san cutar hanta ta jini take bi ba. Na yi magana, aka ce na yi wa dangi rowa.

Na tsallake abu. Kafin wannan, da damina, zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da Baffa, aka sa shi kan kinin. Kinin na sauke sukari, ga shi ba ya cin abinci, ga ƙwayar gilibenkilamid, mai sauke sukari, bai fasa sha ba. Cikin dare ya tashi da gumi da karkarwa, ya ce, "Ɗan nan, sukari ya hau, miƙo ƙwayar nan." Na ce, "Baffa, ku yi haƙuri a gwada tukuna." Na'ura ta nuna 54. Duk abin da ya gaza 70 faɗuwa ce, maganinta giram 15 na sukari, wato ƙwaya 3 na sukarin kwali, a sake gwaji bayan minti 15, in bai haura ba a ƙara. Wanda ya suma kuwa ba a ɗura masa komai, asibiti ake nufa.

Da gari ya waye Kawu ya zo dubiya, Baffa yana jingine yana ba shi labari, wai shi ya fara jin abin a jikinsa, mai ɗaki ai shi ya san yoyo. Ban ce uffan ba. Azumin shekarar ne muka yi ta ta ƙare, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.